Ɗingishin Dokin Garo

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Wannan takarda daga hannun mahaifinka ce, Isuhu dillalin dawaki na Gwarzo, zuwa ga ɗana Ɗanlami. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah ya kai ka birni lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ƙafar da ka fita da ita ta alheri ce. Amin.

Bayan haka, na ce maka kada ka warware takardar nan sai mota ta wuce Kabo. Idan ka gaji gajen haƙurin mahaifiyarka ka buɗe ta tun a tasha, to ka juya mini baya kafin ka karanta. Kai ne ɗan fari, tsakanina da kai ba a saba doguwar magana ba, kuma abin da ke ciki ba zan iya faɗa ina kallon idonka ba. Shi ya sa na ɗauko tawada.

Ka tuna ranar da Alhaji Mamman ya zo daga birni neman wanda zai riƙa duba masa dawakin da yake sayo wa Turawa na wasan ƙwallon doki. Na ce masa, "Alhaji, ga dawaki nan a turke, a gwada yaron mana." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam Isuhu. Ɗan wanda ya gano ɗingishin dokin Garo? Ba sai na gwada ba, sunanka ya ishe ni." Ka waiwayo ka dube ni fuskarka cike da murna. Ni kuwa na kau da kai. A kan labarin nan aka ɗauke ka aiki, kuma labarin ba yadda ka san shi yake ba. Zan zo kansa. Bari in fara da ƙananan abubuwan kunyata tukuna, ko hannuna ya saba.

Ka san Baba Barau, tsohon nan da ke zaune a bakin kasuwa yana tufka igiya da ragama, wanda kake gaisarwa a tsaye ka wuce. Shi ya koya mini sana'ar nan tun daga riƙon linzami. A zamaninsa, daga Kara har Getso ba a sallama doki mai daraja sai ya ɗora masa hannu ya faɗi kuɗinsa.

Ina kamar shekarunka wani baƙo ya kawo kili daga wajen Katsina, fari tas, da sabon sirdi da shimfiɗa mai ado. Baba Barau ya tafi salla. Mutane suka taru, wani ya ce, "Isuhu, kai fa, nawa ka gani?" Kaina ya kumbura. Na zagaya dokin sau biyu ina gyaɗa kai kamar na san abin da nake yi, na ce fam takwas. Da Baba ya dawo aka gaya masa, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Wa ka yi wa kuɗin, dokin ko sirdin?" Ya kwance majayi ya ɗaga sirdin, sai ga gyambo a gadon bayan kamar faɗin tafin hannu, an cusa masa toka. Wata guda cur yaran kasuwa suna kirana Mai Sirdi.

Saboda haka kada ka taɓa yi wa doki kuɗi da kaya a jikinsa. A tuɓe shi sarai, a bar masa ragama kaɗai, a tsayar da shi a ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangare, cikin hasken rana. Ka ja da baya ka dube shi daga nesa kafin ka taɓa shi, ta gaba, ta gefe, ta baya. Ka ga ko yana raba nauyinsa a kan ƙafa huɗu ko akwai wadda yake lallaɓawa. Launi shi ne abu na ƙarshe. Gaskiya ne mutanenmu suna ƙara kuɗi saboda akawal ko danda ko fari a goshi, kuma dole ka san wannan tunda kasuwa kake yi wa aiki. Amma waɗanda Alhaji zai sayar wa ba ruwansu da launi. Sanda suke kawowa su auna tsayi, sannan su dubi ƙafa da numfashi.

Na biyun ya fi wannan nauyi, don ba ni kaɗai na sha wahalarsa ba. Wani manomi daga Mainika, Malam Audu, ya sayar da gyaɗarsa ya zo yana son dokin zuwa kasuwanni. Bai san komai game da doki ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce, "Malam Isuhu, idona ne kai." Mai dokin kuwa abokina ne, kwano ɗaya muke ci duk ranar kasuwa. Da na kama bakin dokin sai abokin nan ya ce, "Yanzu har dokina sai an buɗe masa baki, Isuhu?" Sai na ji nauyi. Na ɗaga leɓen kawai na leƙa na saki. Ban sa an yi sukuwa da shi ba, don kada ya ga kamar ina tuhumarsa. Na faɗi kuɗin doki ɗan shekara shida.

Ashe tsoho ne tukuf, an goge masa haƙora da dutse, an ɗiga musu baƙi da ƙarfe mai zafi. Ga shi kuma da haki. Bai ga ƙarshen daminar nan ba. Malam Audu bai kai ni ƙara ba, bai ma yi mini maganar ba. Har yau idan muka haɗu sai ya rusuna ya ce, "Malam, ina gajiya, yaya iyali?" Da zagina ya yi da tuni na huta.

To ka buɗe baki sosai, ko dokin surukinka ne. Ɗan duƙushi haƙoran nono gare shi, ƙanana farare. Wajen shekara biyu da rabi yake fara famfara daga na tsakiya, zuwa shekara biyar bakinsa ya cika, fiƙa ta fito in namiji ne. Daga nan baƙin ramin da ke kan haƙori kake bi, yana shafewa a hankali da shekaru. Tsohon doki haƙoransa dogaye ne, sun karkato gaba, kuma wannan ba dutsen da zai gyara shi. In ka ga ramin yaro a kan haƙorin tsoho, hannun mutum ne. Bayan baki, sa a yi tafiya da shi, a yi taƙama, sannan a sake shi sukuwa har ya yi gumi. Da ya tsaya ka kara kunnenka a haƙarƙarinsa, ka dubi cikinsa ko yana bugawa sau biyu a numfashi ɗaya. Ka ɗaga kofato huɗun ɗaya bayan ɗaya. Ka wuce da hannu ta gaban kowane ido ka ga ko zai ƙifta. Yi wa mutum kara abu ne mai kyau a gida da wajen biki, amma a gindin turke wani ne yake biyan kuɗinta, kuma yawanci wanda ya fi kowa yarda da kai ne.

Game da yanke kuɗin kansa, ba daga sama yake faɗowa ba. Ka riƙe a ka abin da aka sallama irinsa a kasuwanni biyu uku da suka wuce. Ka san lokaci, don da kaka kuɗin gyaɗa na hannun mutane doki yana tashi, da bazara kuwa harawa ta yi wuya kowa so yake ya rabu da nasa. Ka san ƙananan dawaki sun faɗi tun da keke ya yawaita, ko da masu su ba sa son jin haka. Ka san halinsa, mai cizo da mai harbi da mai tsorata da mota duk ana rage musu. In ka gama haɗa wannan a zuciyarka ka faɗi kuɗin sau ɗaya, kana kallon dokin. Kada ka kalli fuskar mai shi, kada ka kalli rigar mai saye. La'adarka kuma ta zama kowa ya san daga hannun wa ta fito.

Na ga ina ta jan magana kamar mai tsoron shiga ruwan sanyi. Ga labarin Garo.

Wani mutum ya rasu a can, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya mata biyu ƙanana, da ƙanensa Tanko. A cikin abin da ya bari ba abin da ya kai wani ingarma bikili, wato jan doki, daraja. Ka san yadda ake yi wajen rabon gado: ana kiran masu ido biyu, kowa ya duba shi kaɗai don kada ɗaya ya ji bakin ɗaya, sannan su faɗi abin da suka gani a gaban muhuti, wato magatakardan alƙali, da jama'a. Aka kira Baba Barau aka kira ni. Shi ya je ran Laraba ya duba. Ni wani uzuri na gida ya riƙe ni sai washegari, ranar da za a yi rabon.

Tanko yana son dokin nan. In an yi masa kuɗi mai yawa ya fi ƙarfin kasonsa, sai a sayar a raba. In an yi masa kaɗan sai ya faɗo a rabonsa. Wannan kowa ya sani, ba wani asiri ba ne.

Aka fito da dokin daga barga, sai ga shi yana ɗingisa ƙafar gaba ta hagu. Baba Barau ya ce, "Jiya lafiyarsa ƙalau. Ni fam goma sha biyu na gani." Na durƙusa na bi ƙafar da hannu tun daga kafaɗa. Ba zafi, ba kumburi. Da na iso ƙasa, can cikin gashin da ke bisa kofato, yatsana ya ji abu. Sili ɗaya ne na izga, gashin wutsiyar doki, an ɗaure shi tam ya nutse cikin fata. Tsohuwar dabara ce, in an ɗaura da safe kafin hantsi doki ya fara ɗingishi, in an tsinke kafin la'asar ya warke. Baba Barau da kansa ya koya mini in riƙa lalubenta.

Ɗanlami, abin da ya kamata in yi bai fi ƙiftawar ido ba. In sa farce in tsinke, in ɗaga kowa ya gani. Ba wanda ya ba ni ko anini. Tanko bai taɓa yi mini magana ba, yana can tsaye yana zufa don ya ɗauka asirinsa ya tonu. Abin da ya riƙe hannuna shi ne wannan: na haura shekara talatin, ina da gemu ina da iyali, amma duk inda na faɗi kuɗin doki sai an ce, "To, bari mu ji ta bakin Barau." Na gaji da jin haka. A durƙushen nan zuciyata ta ce mini ga ranarka ta zo.

Na miƙe na kakkaɓe gwiwa. Na ce ciwon a kafaɗa yake, tsoho ne, irin mai ɓuya ya dawo, kuma dokin bai wuce fam huɗu ba. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, cikin murya mai ladabi, "Baba ya yi mana aiki shekara da shekaru, amma ido ba ya zama yadda yake." Har yau ina jin muryata tana faɗin wannan.

Muhuti ya juya ya ce, "Malam Barau, me ka ce?" Tsohon ya dube ni. Sannan ya ce, "Isuhu ya gani, ni ban gani ba." Dokin yana ɗingishi a gaban kowa, don haka aka bi bakina. Tanko ya ja abinsa. Matar mamacin tana daga cikin zaure, na ji ta ce, "Allah ya sa haka ne ya fi alheri." Bayan 'yan kwanaki aka ga dokin yana taƙama lafiya lau, mutane suka ce ai Isuhu ya faɗa, ciwon mai ɓuya ne. Ƙaryar tawa har da ƙofar fita na yi mata.

Daga ranar nan sunana ya tashi. Aka daina kiran Baba Barau rabon gado, sannan aka daina kiransa ciniki. Waɗansu suka ce idonsa ya mutu, waɗansu suka ce da ma can haɗa baki yake yi da masu doki. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba, amma ana faɗa a gabana ina shiru. Cikin shekara biyu ya koma tufkar igiya. Ni kuwa duk gidan da ka tashi a ciki, da tuwon da ka ci, da rigar da ke jikinka yanzu a cikin motar nan, daga sunan nan suka fito. Na yi ta ce wa kaina gobe zan gyara, har goben ta kai shekara ashirin.

Maganar Alhaji Mamman ce ta hana ni sukuni. Na ga abin da na ɗauka zai mutu tare da ni ya tashi ya bi ka birni. Shekaranjiya da hantsi na je na sami Baba Barau a rumfarsa. Yanzu kam idon ya yi rauni da gaske, da murya yake gane mutane. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyarka, ya tambayi tafiyarka, ya sa maka albarka. Sai na ce, "Baba, maganar dokin Garo ce ta kawo ni."

Bai daina tufkarsa ba. Ya ce, "Izgar?"

Na ɗago na dube shi. Da ƙyar na ce, "Ashe ka sani."

Ya ce, "Isuhu, ni na koya maka. Na ga inda hannunka ya tsaya, na ga daɗewar da ya yi a wurin."

Na ce, "To me ya hana ka sunkuya ka tsinke ta, Baba? Da ka wanke kanka a take."

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ka manta abin da ya hana ka zuwa ran Laraba? Matarka ta haihu, ɗan fari, ko suna ba a yi ba. In na tsinke izgar nan a gaban muhuti bayan ka riga ka yi magana, ka gama sana'a a ƙasar nan, wataƙila ma a ɗaure ka. Na ce bari in bar shi, in an yi suna hankalinsa zai dawo ya zo ya gyara da kansa. Na zo sunan ma, na ci goro."

Ka ji, Ɗanlami. Jaririn nan kai ne. Mutumin da kake gaisarwa a tsaye, saboda kai ya haɗiye mutuncinsa, ni kuma na bar shi da shi a maƙogwaro shekara ashirin. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na yi kuka a gaban masu sayen igiya, ban damu da wa ke kallo ba.

Na roƙe shi gafara. Ya ce, "Nawa na yafe tun tuni, in ban yafe ba da ban iya barci ba. Amma na marayun Garo ba ni zan yafe ba. Shirun da na yi maka su suka biya shi, ni ma ina ɗauke da kasona."

Ga abin da na yanke. Gobe in Allah ya kai mu, bayan na sa ka a mota, zan ja goɗiyata in kai Garo. 'Yan matan nan sun yi aure, uwarsu tana da rai. Zan gaya musu abin da ya faru in bar musu ita, in sun karɓa. Ran kasuwa kuma bayan azahar zan kamo hannun Baba Barau in kawo shi gindin turke, in faɗa a gaban dillalai duka. Mahaifiyarka ta ce in bari ka zauna da gindinka a wajen Alhaji tukuna, ko wata shida. Na gane abin da take ji. Amma na san kaina, in na ce wata shida wata shekara ashirin ce, kuma tsohon ba shi da su.

Ka san yadda magana take bin motocin gyaɗa. Kafin mako ya zagayo labarin zai isa birni, kuma zai iya cin aikinka tun ba ka fara ba. Na san wannan, na kuma san ba kai ka yi laifin ba. Shawarata ita ce kada ka bari Alhaji ya ji daga bakin wani. Kafin ka kwance kayanka ka nemi ganinsa shi kaɗai. In bakinka ya yi nauyi, miƙa masa takardar nan ya karanta, na yarda. Sannan ka ce masa, "Alhaji, sunan da ka ɗauke ni dominsa babu shi. Ga ni, a fito da doki a gwada ni."

In ya gwada ka, ban ji tsoro ba. Na ga hannunka a ƙafar doki, ya fi nawa natsuwa, kuma duk abin da na koya maka na Baba Barau ne, ba gurɓatacce a ciki. In an tambaye ka wajen wa ka koya, shi za ka ambata. In kuma Alhaji ya ce ba zai iya da ɗan maƙaryaci ba, kada ka yi masa musu, kada ka roƙe shi. Ka yi masa godiya ka dawo gida, laifin yana wuyana, kuma zan faɗi haka ga duk wanda ya tambaya.

Ban ce ka yafe mini yanzu ba. Ka yi fushinka, hakkinka ne. Abu ɗaya nake roƙo. Ran kasuwa in ka idar da sallar azahar a can inda kake, ka roƙa mini Allah kada gwiwata ta yi sanyi, don na taɓa durƙusawa da gaskiya a ƙarƙashin yatsana na tashi ban faɗe ta ba.

Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare idonka da harshenka, ya ba ka abincinka ta hanyar halal, ya dawo mana da kai lafiya ko da aiki ko babu.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, Isuhu.